Dubu 600 ce a hannuna: da wane kaya zan haɗa kwamfutar gem a Zariya?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure.

Ɗalibi ne ni a ABU, aji uku a sashen injiniya, ina haya a wani ɗaki a Hayin Dogo, Samaru. Daminar da ta wuce ni da yayana muka noma masara a gonar gadonmu da ke hanyar Giwa. Allah ya sa albarka, da aka sayar aka raba, na haɗa kasona da 'yan kuɗin da na tara ina zaman POS lokacin hutu, suka kama naira dubu 600 cif. Umma ta so in sayi babur na hannu saboda zirga-zirga. Na zauna na yi mata bayani cewa zanen da ake ba mu a makaranta, na AutoCAD da SolidWorks, tsohon laftof ɗina ba ya ɗauka, da na buɗe sai ya yi zafi kamar dutsen guga ya mutu. Ban kuma ɓoye mata cewa ina son gem ba. Ta ce kuɗina ne, gumina ne, amma kar in dawo mata da kuka. Wannan maganar tata ce take ta yi min yawo a kai, shi ya sa na zo neman shawara kafin in cire ko sisi.

Abin da nake son bugawa ba shi da yawa. Ƙwallo ce kan gaba, FC 24 da eFootball. Sai GTA V, wanda tun ina sakandare nake biyan kuɗin rabin awa a gidan gem saboda shi, lokaci ya ƙare ban gama ko aiki ɗaya ba. Sai Euro Truck Simulator 2 in kai ya ɗau zafi. Ba na neman hoto mai tsananin kaifi irin 4K. In na samu 1080p, hoto na tafiya sumul ba ya tsayawa, na gode Allah.

Ranar Asabar na shiga Sabon Gari, wani mai shago ya nuna min wata da aka riga aka haɗa. Firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i7-4790, ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 16GB, katin hoto (mai sarrafa hoton gem) RX 580 mai 8GB, SSD (ma'ajiyar fayiloli) 256GB, kes mai gilashi da fankoki uku masu fitilu kala-kala. Fawa fak ɗin, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, an rubuta 750W a jikinsa, amma ban taɓa jin sunan kamfanin ba. Ya ce dubu 480, babu monita. Ya kunna min GTA V a gabana, wallahi ya yi kyau, saura kaɗan in tura masa kuɗin nan take. Abokina da muka je tare shi ya ja ni waje ya ce in bari in yi tambaya.

To ga tambayoyina. Wannan da aka nuna min, in ɗauka ko in haɗa tawa ɗaya bayan ɗaya? In haɗawa zan yi, wane kaya ne za a iya saya na hannu, wane ne dole sai sabo? Kuma ɗakinmu wuta ba ta da tabbas, wani lokaci ta zo lokaran ko fanka ba ta juyawa sosai, wani lokaci mai gidan ya tada ƙaramin janareta mu haɗa kuɗin mai. Ba ni da monita, sai wata talabijin inci 32 da yayana ya bar min. Don Allah wanda ya san harkar nan ya taimaka.

Baba Mai Gyara, PZ:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa abokin nan naka albarka da ya ja ka waje.

Ni gyaran kwamfuta nake yi tun zamanin da ake kawo mana Pentium 4 da monita mai ƙeya. Ban iya buga gem ba, amma gawarwakin kwamfutocin gem da yawa sun biyo ta teburina, don haka zan faɗa maka abin da ke kashe su a garin nan. A cikin bayaninka duka, layin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na ƙarshe, inda ka ce wuta tana zuwa lokaran kuma kuna tada ƙaramin janareta. Daga nan ya kamata lissafinka ya fara, ba daga katin hoto ba.

Bara da damina wani yaro daga Gyallesu ya kawo min tasa a cikin buhu. Wata huɗu da saye. An ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, ya ji ƙara tas, sai warin ƙuna. Da na buɗe, fawa fak ɗin ya tafi, ya kuma ja madabod, wato babban faifan da ake soka duk kayan a kansa, da katin hoto sun bi shi. Ram da SSD kawai muka tsira da su. Yaron nan ya zauna a kan bencina ya fi awa bai ce uffan ba, kuɗin shekara guda ne ya tara. Fawa fak ɗin nasa irin wanda ka gani ne, an rubuta babbar lamba a jiki, ka ɗaga shi ka ji kamar gwangwanin madara da babu komai ciki.

Ga yadda za ka gane na banza ko ba ka buɗe shi ba. A gefensa akwai takarda mai jadawali. Ka manta da lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ka nemi inda aka rubuta +12V ka ga amfiya nawa ne a ƙasansa. Firosesa da katin hoto daga layin nan na 12V suke sha. Ka ninka 12 da amfiyar, shi ne ƙarfinsa na gaskiya. Na yaron nan 18A aka rubuta, ka ga 216W kenan, alhali RX 580 shi kaɗai yana cin wajen 185W in aiki ya yi aiki. Mai kyau na 550W za ka ga kusan 45A a wurin. Sannan ka duba inda aka rubuta wutar da yake karɓa. Akwai masu karɓar 100 zuwa 240V, akwai waɗanda aka yi su don 200 zuwa 240V kawai. Wutarmu a ƙa'ida 230V ce, amma kai da kanka ka ce fanka ba ta juyawa wani lokaci, to mai faɗin nan na 100 zuwa 240 shi ya dace da ɗakinka. Ka nemi na kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, mai tambarin 80 Plus Bronze, 550W ya ishe ka har ya yi saura. Kuma sabo, a kwalinsa, da rasit. A duk kayan da za ka saya, wannan ne kaɗai ban yarda ka sayi na hannu ba, don ba ka san irin wutar da ya sha a hannun mai shi na farko ba.

Bayan shi sai abin da zai tsaya tsakaninsa da bango. Sitabilaiza ita ke daidaita wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama. UPS kuma aikinta ta riƙe ka na 'yan mintuna ka adana aikinka ka kashe da hannunka, ba wai ka ci gaba da buga ƙwallo a kanta ba, batirin cikin ƙaramar 12V 7Ah ne kawai. Kar lambar VA ta ruɗe ka, mai 650VA abin da take ɗauka bai wuce 360 zuwa 390W ba, in kwamfutarka da allonta suna cin kusan 300W ka ga an matse. In za ka saya ka nemi 1000VA ko sama. In kuɗi bai kai duka biyun ba, fara da sitabilaiza. Game da janaretan mai gidanku, in akwai firji ko dutsen guga a kansa, kar ka kunna kwamfuta, don duk lokacin da firji ya tashi wutar sai ta faɗi ta dawo. Da damina kuma in ka ga hadari ya haɗo, kashewa ba ta isa ba, cire filogi daga bango. Wani abu kuma, yawancin ɗakunan haya na Samaru ba a sa musu wayar ƙasa ba. In ka taɓa jikin kes ka ji yana ɗan jan ka, ka kira mai wayarin ya buga maka ƙarfe a ƙasa, ba tsada.

Yanzu ga i7 ɗin da aka nuna maka. Ɗana, sunan i7 ya ci kuɗin mutane da yawa a garin nan. Ba i7 ake kallo ba, lambar da ke bayansa ake kallo. 4790 na ƙarni na huɗu ne, a 2014 ya fito, ƙwayar aiki 4 gare shi, ram ɗinsa DDR3, mazauninsa, wato ramin da yake zama a madabod, LGA1150 ne wanda aka daina yi tuntuni. Ma'ana ranar da ka so ƙarin ƙarfi, firosesa da madabod da ram duk sai ka zubar ka sake. Kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga ƙarni na takwas na Intel take karɓa. Ƙaramin i3-12100F na 2022 ya fi wannan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba. Gilashi da fitilu aka sa maka a gaba don kar ka kalli shekarun abin da ke ciki.

Shawarata ka hau mazaunin AM4 na kamfanin AMD da madabod B450. Mazauni ne da ya daɗe, kayansa sun cika kasuwa, na hannu ma ba wuyar samu, kuma daga firosesan Ryzen na 2017 har na jerin 5000 duk ramin ɗaya ne. Sai dai ka tambayi mai sayarwa ko an sabunta BIOS ɗin, wato manhajar da ke cikin madabod kanta, don tsohon B450 ba ya gane Ryzen 5000 sai an sabunta. In na hannu za ka sayi firosesan, juya shi ka kalli ƙafafunsa a hasken rana, na AM4 allurai ne a jikinsa, ko ɗaya ta lanƙwashe ka ajiye masa kayansa.

Ba zan rubuta maka farashi ba, dala ke juya shi, abin da na faɗa yau zuwa Juma'a ya zama ƙarya. Amma ka cire kuɗin fawa fak da sitabilaiza ka sa a aljihu daban kafin ka fara cinikin komai.

Mai Gidan Gem, Tudun Wada:

Baba ya gama magana kan wuta, ba ni da abin ƙarawa, ni ma sai da na yi asarar na'ura biyu kafin na koyi wannan karatun. Ni ta ɓangaren katin hoto zan shigo, don a nan nake kwana nake tashi. Kwamfuta huɗu nake da su a shago ban da PS4, yara na buga ƙwallo a kansu daga la'asar har sha ɗaya na dare.

Abokina, gem a katin hoto yake. In ka raba kuɗinka daidai wa daida tsakanin kaya, za ka samu kwamfuta mai kyau wadda ba ta buga abin da ka saye ta dominsa. FC 24 mafi ƙarancin abin da EA, kamfanin da ya yi shi, ta rubuta shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570 da ram 8GB, wanda ta ba da shawara kuma GTX 1660 ko RX 5600 XT da ram 12GB. Wannan shi ne ma'auninka.

RX 580 ba mugun kati ba ne, biyu daga cikin nawa shi ne a ciki, yana buga FC da GTA V a 1080p lafiya lau. Amma ka san abu uku. Na 2017 ne, kuma shi ne katin da masu haƙar kirifto suka fi azabtarwa. Da kirifton Ethereum ta daina tsarin haƙa a Satumban 2022, sai aka juye su kasuwa buhu-buhu, da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Na biyu, akwai wanda ake kira RX 580 2048SP. Na ainihi ƙwayoyinsa 2304 ne, wannan kuwa 2048, daidai da na RX 570, suna kawai aka canza masa. Yawancin masu arha da ake kawowa cikin sabon kwali shi ne. Na uku, cin wuta da zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Zariya ke tafasa, fankokinsa ihu suke kamar injin markaɗe.

In kuɗinka zai kai, RX 6600 na hannu shi ne maganin. Na 2021 ne, 8GB, cinsa 132W, kuma ya bar RX 580 a baya sosai. Ka ga ya fi ƙarfi kuma ya fi sauƙin wuta da wajen 50W, wanda a kan ƙaramin janareta ba ƙaramin abu ba ne. In bai samu ba, GTX 1660 Super, 6GB, 125W. Wanda zan ce ka guje shi ne RX 6500 XT, ko an yi maka arha. 4GB ne kawai, kuma layi huɗu kawai yake amfani da su wajen magana da madabod, a kan B450 mai ramin kati na PCIe 3.0 sai ya shaƙe.

Don kuɗin katin ya fito, ga inda za ka matse. Ɗauki Ryzen 5 3600 na hannu, na 2019, ƙwayar aiki 6, yana karɓar Windows 11, ya ishi waɗannan katunan. Kes ka sayi mafi arha wanda gabansa raga ce iska na shiga, fitila ba ta ƙara gudu. Monita kuma ka bar shi tukuna, talabijin ɗin yayanka ta isa, ka haɗa da HDMI, ka shiga saitinta ka kunna yanayin gem don ta rage jinkiri tsakanin hannunka da allo. Ni da talabijin na fara shagona.

Amma kar ka taɓa biyan kuɗin kati ba ka gwada ba. Ka sa manhajojin gwaji GPU-Z da FurMark a filashi ka tafi da su. GPU-Z zai nuna maka ainihin abin da ke ciki, wasu na jabun ma yana rubuta musu alama a gaban suna. FurMark kuma ka bar shi ya yi minti 15 zuwa 20 kana kallon zafi da allo. In ka ga ɗige-ɗige ko layuka masu kala, ko allo ya ɗauke ya dawo, ka miƙa masa abinsa. Mai kayan da ya ce ba shi da lokacin gwaji ya san abin da yake ɓoyewa. An taɓa kawo min GTX 1050 Ti wai sabo, da na duba bayansa sai ga ramin VGA mai shuɗi, alhali katunan wannan jerin sun bar VGA. Tsohon kati ne aka sauya masa suna a ciki. Kuma in daga Legas ko Kano za a yi maka webil, wato a aiko maka a mota, ka samu wanda ka yarda da shi ya je ya gwada a gabansa, ko kai ka hau mota, Kano ba nisa. Kuɗin motar bai kai kuɗin kati ba.

Bazazzaga Mai Zane:

Sannunku da ƙoƙari. Baba, a gaishe ka. Ƙanena, ni ta wata hanya na bi, bari in faɗa maka ita ka auna.

Zanen gine-gine na karanta, yanzu ina yi wa mutane zanen gida daga ɗakina a Hanwa. Lokacin da zan haɗa tawa kuɗina bai kai na kati ba, kuma na ji tsoron na hannu don ba ni da wanda zai gwada min. Sai na sayi Ryzen 5 5600G. Harafin G ɗin nan yana nufin akwai katin hoto a cikin firosesan kansa, ka haɗa waya a madabod hoto ya fito. Shekara ɗaya da rabi na yi da shi haka, AutoCAD da SketchUp suna tafiya, ƙannena suna buga eFootball da GTA V in an rage saiti. Da na samu wani aiki mai ɗan kauri sai na sayi kati na soka, ban canza komai ba. Ba zan ɓoye maka ba, FC 24 a kansa sai ka sauke hoto ƙasa sosai, don bai kai abin da Mai Gidan Gem ya lissafo ba, kuma 5600G bai kai 5600 marar G ƙarfi a gem ba, ma'ajiyarsa ta ciki 16MB ce, ta wancan 32MB. Amfaninsa shi ne komai naka sabo ne da garanti, wutar da yake ci kaɗan ce, ko ƙaramin inbata ya riƙe shi, kuma ranar da kati ya lalace ba za ka zauna da baƙin allo ana jiran aikin makaranta ba.

Kowace hanya ka bi, ram ka sayi guda biyu masu 8GB, DDR4 3200, kada ka yarda a ba ka guda ɗaya mai 16GB a ce duk ɗaya ne. Biyu suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda, kuma Ryzen na jin bambancin, balle mai G wanda hotonsa daga ram yake ci. In madabod ɗin mai rami huɗu ne, na biyu da na huɗu ake sawa. Sannan a shiga BIOS a kunna XMP, saitin da ke ba ram cikakken gudunsa, in ba haka ba zai tsaya a 2133 ko 2400, ka biya kuɗin gudun da ba ka samu ba. Ni wata shida na yi a haka ban sani ba. Ram ya yi tsada tun ƙarshen 2025, na hannu ba laifi in an gwada, ba ya saurin lalacewa.

SSD 256GB da aka nuna maka ba zai kai ka ko'ina ba. FC 24 kaɗai wajen 100GB yake nema, GTA V ma haka, ga Windows ga SolidWorks. 512GB shi ne ƙarshen ƙasa, irin mai sauri da ake kira NVMe. In na hannu ne a buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi. Ka kuma yi tunanin data, sauke gem ɗaya zai iya cinye kuɗin datarka na wata.

Abin da ba wanda ya taɓo shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturun garin nan ba ya raga wa kwamfuta. Kar ka ajiye ta a ƙasa kan leda ko kafet, ɗora ta a tebur. Ka nemi kes mai ragar tace ƙura. Ni duk sati biyu a lokacin hunturu nake fitar da ita tsakar gida in hure ta da bulowa, ina riƙe fankokin da yatsa don kar iska ta juya su fiye da kima. In na gama aiki, ta huce, sai in rufe ta da tsohon zani. Kar dai ka rufe tana kunne.

Ɗan Samaru:

Baba, Yaya Bazazzaga, da kai ɗan'uwa na Tudun Wada, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Na karanta sau uku, na kwafe a littafi.

Jiya na koma shagon nan na roƙi a buɗe min gefen kes ɗin. Baba, 20A na gani a ƙarƙashin 12V, na lissafa a waya 240W. Na sa GPU-Z kuma sai ga 2048 a katin. Na yi masa godiya na fito.

Na yi ta auna hanyoyin biyu. Yaya, maganarki ta baƙin allo lokacin aikin makaranta ta shige ni, amma na san kaina, in na haɗa kwamfuta FC ba ta tafiya yadda nake so raina ba zai kwanta ba, kuma ban san yaushe zan sake riƙe kuɗi irin wannan ba sai wata kakar. Don haka na karkata ga Ryzen 5 3600 da B450 na hannu, ram 8GB biyu, SSD 512GB, sabon fawa fak 550W, sitabilaiza, kes mai raga, talabijin ɗin yayana a matsayin allo. Abin da ya rage duka ya tafi kati, in ya kai RX 6600 to, in bai kai ba GTX 1660 Super. UPS sai nan gaba.

Tambaya biyu suka rage min. Firosesan na hannu da na gani babu fankarsa, wace zan saya? Kuma ban taɓa haɗa kwamfuta da hannuna ba, ina tsoron in lanƙwasa alluran nan da Baba ya ambata. In gwada da bidiyon YouTube ko in kai wa masu gyara?

Baba Mai Gyara, PZ:

Madalla, ɗana. Jerin nan naka ya yi, ban ga abin cirewa ba. Ka gyara tsarin sayen kawai. Kati ka bar shi ƙarshe, amma kar ka daɗe, don 3600 ba shi da hoto a cikinsa, ba za ka iya tabbatar da madabod da firosesa suna aiki ba sai da kati a jiki. Saboda haka waɗannan biyun ka saye su wuri ɗaya, a kunna su a gabanka da katin mai shagon, ka ga BIOS ya fito ya nuna sunan firosesa da ram 16GB, sannan ka biya. Ka nemi ya rubuta maka kwanakin gwaji a rasit, ko sati ɗaya ne.

Fanka kuwa, 3600 na 65W ne, ƙaramar AMD da ke zuwa a kwalinsa, Wraith Stealth, tana riƙe shi, kuma ana samunta a warware da arha. Amma saboda zafin bazara, in ka samu mai tsayi irin hasumiya da bututun tagulla uku ko huɗu a farashi mai sauƙi, ta fi, ka dai tabbatar tana da maƙalan AM4 kuma kes ɗinka zai rufu a kanta. Ka sayi man da ake shafawa tsakanin firosesa da fanka, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa.

Haɗawa da hannunka za ka yi, ɗalibin injiniya ne kai, kuma wanda ya haɗa tasa shi ke iya gyara ta. Firosesan akwai ɗan alwatika mai ruwan zinariya a kusurwa ɗaya, ka daidaita shi da na mazaunin, ka ɗaga sandar, ka sake shi ya faɗa da kansa. In bai zauna ba kar ka danna, ɗaga ka sake dubawa. Kafin ka taɓa kaya ka taɓa ƙarfen kes, don da hunturu jiki na tara wutar da ke kashe su. In ka gama, wayar HDMI a jikin kati za ka soka, ba a madabod ba, mutum uku sun kawo min sabuwar kwamfuta wai ta mutu saboda wannan kawai.

In kayan sun cika ka turo min saƙo ta akwatin sirri, ka kawo su shago ranar Asabar bayan azahar, lokacin ba cunkoso. Kai za ka riƙe sukudireba, ni ina gefe ina kallo, ba sai ka biya komai ba. Ka taho da sitabilaizar ma in auna abin da take fitarwa, da filashi 8GB ko sama da haka wanda babu komai a ciki saboda Windows.